Damin Zakkar da Ya Kai Sa'idu Gidan Yari

Zuwa ga Mai Shari'a,
Alƙalin kotun majistaren da ta saurari ƙarar ƙanena Sa'idu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatan kotunka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara lafiya da basira.

Ya Mai Shari'a, sunana Rabi'atu. Ina koyarwa a firamare a Dangora inda nake aure, amma asalina wani ƙauye ne a yankin Ɗansoshiya. Ban sani ba ko za ka tuna ni. Ni ce matar nan da ke zama a bencin baya, wadda ɗan sandan kotu ya taɓa fitarwa waje saboda ta ɗaga hannu kamar tana aji. Ni ce kuma na sa hannu ranar da ka damƙa mini Sa'idu, da sharaɗin cewa in ya sake taɓa kayan wani zai koma inda ya fito. Wannan sharaɗi da shi nake kwana, da shi nake tashi, tun daga damina har zuwa wannan kaka.

Farin ciki ne ya sa na ɗauki biro. Wani abu ya faru a gonar Alhaji Mamman, mai dawar da aka yi shari'a a kanta, ranar Talatar da ta wuce, tun daga ranar bakina ya ƙi rufuwa. Na faɗa wa malaman makarantarmu, na faɗa wa mai kayan miya, har ɗan acaɓan da ya ɗauko ni sai da ya sha labari. Maigidana ya ce tunda na gama da Dangora, saura in faɗa wa alƙali. Wasa yake yi, ni kuwa na ɗauka da gaske. Na tambayi lauyan da ya tsaya mana ko ya halatta, ya ce shari'a ta ƙare, bakina a buɗe yake muddin gaskiya zan faɗa. Zan ba ka labarin Talata, amma sai a ƙarshe, domin ina da ƙorafi, kuma in ba ka ji ƙorafin ba ba za ka gane girman murnar ba. Na yi wasiƙar a fili ne saboda na tabbata ba gidanmu kaɗai ke da irin Sa'idu ba.

Na farko: abin da ya faru, wanda ba a taɓa faɗa a gabanka ba.

Ka san yadda muke yi da dawa. In an yanke ta sai a ɗaure dami dami, a jera a gona kafin a kwaso gida. Kafin a ɗora ko ɗaya a amalanke, maigona zai sa a ƙirga, duk dami na goma a ware shi gefe. Wannan zakka ce, ba ta shiga rumbu. A gidanmu, tun Sa'idu yana ƙarami mahaifinmu ya ba shi wannan aiki. Shi ke ƙirga, shi ke warewa, shi ke ɗauka a ka ya kai ƙofar waɗanda aka saba kai wa, musamman Malam Ilu, wani tsoho makaho da ke bayan masallaci. Baba ba ya son a kai zakka a amalanke, yana cewa wanda ya ɗauko a kansa ya fi sanin nauyin abin da Allah ya ba shi. Haka Sa'idu ya girma, ya yi aure, ya haihu, bai daina ba.

Bayan rasuwar Baba sai muka fara ganin sauyi. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina zama majalisa. Matarsa ta ce yana magana shi kaɗai, yana amsawa kamar wani na ba shi umarni. Daga baya ya fara cewa an sanar da shi mutanen gari sun daina fitar da zakka daidai, kuma in ba a gyara ba wuta za ta cinye rumbunan garin kaf, shi aka ɗora wa gyarawa. An yi masa ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya taso. Asibiti kuwa ko sunansa ba a ambata ba, domin Baffa Hudu, ƙanen mahaifinmu wanda ya zama babba a gida, ya ce kada maganar ta wuce zaure. Yana da 'yan mata da za a aurar, ba ya son a ce gidan su wane akwai taɓin hankali.

Da kakar bara ta zo, Sa'idu ya shiga gonar Alhaji Mamman da hantsi, rana ta fito sarai, kowa na gani. Ya yi wa masu aiki sallama, ya yi musu sannu da aiki, ya bi layin dami yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya ware na goma, ya ɗora a ka, ya nufi gari. Su kuwa suka ɗauka Alhaji ne ya aiko shi. Haka ya yi ta kai da kawo, wannan ƙofar Malam Ilu, wancan ƙofar wata gwauruwa, wancan gidan marayu. Ko zangarniya ɗaya bai kai gidansa ba, alhali a lokacin nasa rumbun ba wani abin kirki a ciki.

Ba na ganin laifin Alhaji Mamman. A shekarar an yi masa sata ta gaske har sau ba ɗaya ba, ransa a ɓace yake. Da ya zo ya ga dawarsa ta ragu, ya kira 'yan banga. Ba su sha wahalar nema ba. A ƙofar Malam Ilu suka same shi, dami a ka, yana jiran a amsa masa sallama. Ya Mai Shari'a, ina tambaya da ladabi: wane irin ɓarawo ne ke yi wa masu aikin gona sannu da aiki, ya ƙirga abin da zai sata da babbar murya, sannan ya kai wa makaho?

Na biyu: kuskuren gidanmu, don kada a ce na ɓoye.

A ƙauye in ɗanka ya yi ɓarna, hanya ɗaya ce. Babba ya sa riga, ya tasa yaron a gaba, a je gaban mai haƙƙi ko mai unguwa, a durƙusa, a amsa laifi ba tare da kawo dalili ba, a ba da haƙuri. Kawo dalili ma rashin kunya ne. Mai haƙƙi ya yi faɗansa ya huce, a yi addu'a a tashi. Da wannan hanyar aka kashe rigingimu da yawa a garinmu, kuma hanya ce mai kyau. Baffa Hudu ya ɗauka haka ake yi a ofishin 'yan sanda da kotu.

Da ɗan sanda ya tambaye shi ko yaron nan lafiyarsa ƙalau, Baffa ya rantse cewa garau yake, sharrin Shaiɗan ne kawai. Ya koma kan Sa'idu ya ja masa kunne: ya sunkuyar da kai, duk abin da aka ce ya yi ya ce ya yi, kada ya kuskura ya kawo zancen wata murya ko wuta. Na ce wa Baffa a faɗi gaskiya, yaron nan ba shi da lafiya. Ya ce da ni ilimin bokona ya tsaya a aji, wannan maganar maza ce. Na yi shiru a gabansa domin ubana ne, amma raina ya soyu. Shi ya sa na ɗaga hannu a kotu ranar farko. Ina da abin faɗa, ban san ta ina ake faɗa ba, kuma babu wanda ya gaya mini.

Na uku: ranar da aka kawo shi gabanka. Nan ne ƙorafina yake.

Aka karanta masa tuhumar sata. Ya ce ya ɗauka, amma ba sata ba ce. Baffa ya dafe kai. Da aka zo maganar beli, kai da bakinka ka tambaye shi, in an sake shi zai ƙara? Sa'idu ya ɗago kai, ya dube ka da fuskar mutumin da ke ba da labari mai daɗi, ya ce:

"In Allah ya kai mu kaka zan ƙara, ranka ya daɗe. Har taka gonar, in kana da ita."

Kotu ta kwashe da dariya. Har mai gabatar da ƙara sai da ya juya baya yana danne tasa. Kai kuwa ka ɓata rai, ka ce wannan taurin kai ne da raina kotu, ka hana beli, ka ce a kai shi ajiya gidan yari.

Ya Mai Shari'a, ni ban yi dariya ba. A wannan amsar ciwon ƙanena ya fito fili, ya tsaya a tsakiyar kotu kowa na kallonsa. Mai hankali ba ya yi wa alƙali alƙawarin shiga gonarsa. Mai taurin kai yana hararar mutane, Sa'idu murmushi yake yi. Tambaya ɗaya ta rage a yi masa: don me? Da an yi ta, da ya zayyane maka labarin murya da wutar rumbuna daga farko har ƙarshe, domin shi bai ɗauke shi abin ɓoyewa ba. Ɗan banga bai tambaya ba, ɗan sanda bai tambaya ba, mai gabatar da ƙara bai tambaya ba. Na sa rai a kanka, kai ma ka wuce.

Na san aiki ya yi maka yawa. Na ga tarin mutanen da ke jiran a kira su a ranar, na ga ka yi ta rubutu da hannu har kana yarfe yatsu. Ban ce mugunta ka yi ba. Amma sakamakon ɗaya ne a wurin wanda aka rufe.

Na huɗu: abin da ajiya ta yi masa.

An ce mana ajiya ce ta ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya cinye sanyi, ya cinye bazara, har ruwan shuka ya sauka. Yau a ce mai gabatar da ƙara an yi masa canjin wurin aiki, gobe a ce motar da ke kawo su ba mai, jibi a ce shaida bai zo ba. Alhaji Mamman da kansa, da ya ji inda dawarsa ta tafi, ya je ya ce ya janye. Aka ce masa magana ta zama ta hukuma, ba tasa ba ce kuma. Ya dawo yana ta salati.

A can ciki kuwa ciwon bai tsaya a bakin ƙofa ba, tare suka shiga. Babu dami a gidan yari, sai kwanon abinci. Sai Sa'idu ya koma bin kwanukan 'yan ɗakinsu, yana gutsurar loma daga kowanne, yana tarawa ya kai wa wani tsoho mara lafiya da ke kwance a lungu. Ka san yadda abinci yake a irin wannan wuri, ka san yadda mai yunwa ke ji da lomarsa. Suka yi masa dukan da ya zubar masa da haƙoran gaba biyu. Aka rubuta shi a cikin masu tada fitina, aka ware shi shi kaɗai, muryar nan ta samu fili ta yi ta yi masa magana ba mai katse ta.

Ranar da na je ziyara na gan shi, ban gane shi ba sai da ya ce "Yaya". Ya rame, ya yi baƙi, baki a kumbure. Bai tambaye ni matarsa ba, bai tambaye ni yaransa ba. Tambayarsa ɗaya, ko rumbunan gari sun kama da wuta. Na ce ba su kama ba. Ya yi ajiyar zuciya ya ce to aikinsa ya karɓu. Na fito na zauna a gindin wata bishiya na yi kuka mai isata, sannan na nemi motar Kiru na koma gida.

Na biyar: yadda Allah ya kawo mafita, da abin da na koya.

Nan labarin ya fara daɗi. Wata rana wasu masu taimakon fursunoni kyauta suka shiga gidan yarin, cikinsu da wani matashin lauya da wata mata, Malama Asiya, masaniyar halayyar ɗan Adam. Wani gandiroba mai tsoron Allah ya ce musu akwai wani a ɗakin ware da ya kamata su gani. Malama Asiya ta sa aka fito da shi, ta zauna a benci ɗaya da shi, ta gaishe shi, ta tambaye shi labarin noman bana. Sannan ta yi masa tambayar nan da aka yi wata da watanni ana tsallakewa. Sa'idu ya buɗe baki ya faɗa mata komai.

Ta nemo lambata ta kira ni. Ta yi mini tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mana: yaushe barcinsa ya lalace, yana jin muryar a cikin kansa ko daga waje, ya taɓa yunƙurin cutar da kansa ko wani, akwai mai irin wannan a dangi. Ta ce ita ba ta rubuta magani, aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, amma abin da ta gani ciwo ne sananne da likitoci suka san shi, yana da magani, kuma masu shi da yawa suna komawa gonarsu da kasuwarsu. Ta ce ruƙiyya da addu'a ba sa faɗa da maganin asibiti, a haɗa duka. Wallahi da na ajiye wayar sai da na yi guɗa ni kaɗai a tsakar gida, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

Lauyan kuma ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau in na tuna sai na ji daɗi da haushi a tare. Ashe doka ba ta tsaya kan ko hannu ya ɗauka ba, tana tambayar da wace niyya ya ɗauka. Ashe a dokar da kake hukunci da ita an rubuta cewa mutumin da ciwon ƙwaƙwalwa ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin laifi ne, ba a hukunta shi kamar mai hankali. Ashe kuma tun ranar farko kana da ikon dakatar da shari'a ka tura mutum likita ya duba shi in ka ga alama. Na ce da lauya, ai wannan tun muna makarantar allo aka koya mana, cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa zunubi. Ya ce to dokar ma ta san da haka. Na ce ta sani amma ta bar ƙanena ya rasa haƙora? Ya ce doka ba ta tashi da kanta, sai wani ya tashe ta.

A nan dole in yaba maka, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Da lauya ya gabatar da buƙatar a kai shi likita, ba ka ja ba, ba ka kare kuskuren baya ba. Na ga ka ajiye biro ka daɗe kana kallon Sa'idu. Ka ba da umarni a take. Aka kai shi asibiti a birni, aka kwantar da shi, aka fara magani. Da rahoton likita ya zo ka karanta, ka kira ni gaba, ni da aka taɓa fitarwa, ka tambaye ni ko zan iya riƙe shi. Na ce zan iya. Ka sallame shi a hannuna da sharaɗin shan magani, da zuwa asibiti, da kada ya sake taɓa kayan kowa. Ba kowane babba ne ke gyara abin da ya yi a gaban jama'a ba, Allah ya saka maka da alheri.

Na shida: abin da nake roƙo.

Ina roƙon ka, da duk alƙalan da wannan wasiƙa za ta isa gare su, in mutum ya ba da amsar da ta sa kotu dariya, a dakata kafin a fusata. Wataƙila raini ne, wataƙila kuma ciwo ne ke magana. A tambaye shi dalili. Ba ya cin lokaci.

Ina roƙon a buɗe wa dangi ƙofar magana. In ba za a saurare mu a cikin kotu ba, a samu wani ma'aikaci da za mu iya gaya wa cewa wanda aka kawo ba shi da lafiya. Kuma kada a tsaya kan bakin babban gida kaɗai. Babba yakan ɓoye don kare sunan gida. A tambayi matar mutum, a tambayi uwarsa ko 'yar'uwarsa, su ke ganin daren da bai yi barci ba.

Ina roƙon mutane irin Malama Asiya su zama ma'aikatan da ake kira tun daga ofishin 'yan sanda, ba baƙin da sai an yi sa'a su biyo ba. Da gandiroban nan bai yi magana ba, da yanzu Sa'idu yana can, ko kuma yana ƙasa. Kuma shi da kansa ya gaya mini ya baro wasu a ciki masu magana su kaɗai, ba mai zuwa ganinsu. Kana da ikon zagaya gidan yari ka duba waɗanda ke jiran shari'a. In ka je, don Allah ka ce a buɗe maka ɗakin ware.

Ina roƙon ka sa baki wurin waɗanda abin ya shafa a kawo maganin nan kusa. Kotu ta sa mana sharaɗin shan magani, amma maganin yana birni. Daga Ɗansoshiya, ko Doguwa, ko ƙauyukan Tudun Wada da Bebeji, zuwa birni yini ne guda da kuɗin mota na mutum biyu. Ni ina da albashi, komai ƙanƙantarsa. Wadda ba ta da shi, ɗan'uwanta zai daina sha, ciwo ya dawo, a sake kawo maka shi a matsayin wanda ya karya sharaɗi.

Ga iyayenmu na ƙauye kuma, irin su Baffa Hudu, ina cewa da ladabi: ɓoye ciwo bai kare sunan gidanmu ba. Da muka ɓoye, ɓarawo aka kira ɗanmu. Da gaskiya ta fito, mutane sannu suka yi ta yi mana, har wasu suka biyo ni a asirce suna tambayar hanyar asibitin. 'Yar Baffa ta fari kuma an ɗaura mata aure bayan sallah, ba wanda ya fasa. Baffa bai ce na yi gaskiya ba, kuma ban sa ran zai faɗa ba, amma yanzu shi ke tuna wa Sa'idu lokacin shan magani.

Yanzu ga labarin Talata.

Tun da dawa ta fara ja nake cikin fargaba. Sa'idu ya samu sauƙi sosai, yana barci, yana wasa da yaransa, ya ce muryar ta yi nisa har ba ya jin ta. Amma duk wannan a damina ne, lokacin da ba dami ko ɗaya a gona. Malama Asiya ta gargaɗe ni cewa kaka ce gwajin gaske. Na yi niyyar ɗauko shi ya zauna wurina a Dangora har a gama kwashe amfani. Ta ce kada in yi haka, ba za a yi ta ɓoye manomi daga kaka har abada ba, gara ya fuskance ta muna kusa.

Sai ga saƙo daga Alhaji Mamman, wai yana son Sa'idu ya zo ya ƙirga masa dami. Na ce Alhaji yana son kashe ni ne? Ya aiko cewa shi ya kai yaron nan inda ya rasa haƙora, shi kuma zai mayar masa da mutuncinsa a gonar da ya zube. Na nemi izini a makaranta na tafi. Na tsaya a bakin gona, hannuna a cikin hijabi ina ta jan carbi, Baffa Hudu na gefe ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Masu aiki duk sun daina abin da suke yi.

Sa'idu ya bi layi yana ƙirgawa da muryar nan tasa. Ya kai na goma, ya ɗora hannu a kai. Ya tsaya. Sai ya ɗauke hannunsa, ya juyo ya dubi Alhaji, ya ce:

"Alhaji, ga na goma. Dawarka ce. A fitar, ko a bari?"

Alhaji Mamman, dattijo mai furfura, sai da ya sa hannun riga ya goge ido. Ya ce a fitar, kuma Sa'idu ne zai kai, ya san ƙofar. Aka ɗora masa a ka. Ya bi hanyar nan dai da 'yan banga suka taso shi a bara, har ƙofar Malam Ilu, muna biye da shi. Ya yi sallama. Tsohon ya gane muryarsa tun daga ciki, ya fito yana lalube, ya tambaya ko wannan karon ma za a zo a karɓe. Sa'idu ya yi dariya da giɓinsa ya ce a'a Malam, wannan da izinin mai ita.

Ya Mai Shari'a, mutumin da aka ce mai taurin kai ne, mai raina kotu, mai tada fitina, da ya samu magani ya tsaya ya yi tambaya kafin ya ɗauki dami. Abin da nake roƙon kotu ke nan ta yi kafin ta ɗauki mutum.

Allah ya ƙara maka adalci da tausayi, ya haskaka maka gaskiya a duk ƙarar da aka kawo gabanka, ya tsare ka daga hukuncin da za ka yi nadama. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na tsare. In na yi kaushin harshe a wani wuri ka yafe mini, zafin 'yan'uwantaka ne. Sa'idu ya san ina rubuta maka, ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ka kwantar da hankalinka, gonarka ta tsira.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rabi'atu, yayar Sa'idu,
Dangora, Kiru.